Mushe Sumana da Ajin Shanyar Tattasai

Kafin rana ta leƙo ta bayan gorubar da ke bakin kogin Komadugu, Mushe Sumana ya gama rigimarsa ta farko da kekensa. Kullum sai sun yi ta. Tayar baya ba ta kwana da iska, shi kuma ya ƙi saya mata sabuwar roba, sai ya durƙusa a tsakar gida yana bugun famfo yana yi mata faɗa da Zabarmanci, harshen da ya taso da shi can ƙasar Dosso, wanda babu mai jinsa a unguwar sai matarsa Biba da wannan keken. In ya gama, ya ɗaura allon katako a baya, ya cusa alli a aljihun hagu, ƙyallen toshe hanci a na dama, ya kurɓi kunu a tsaye.

"Mushe, zauna ka sha mana, ba korarka ake ba," in ji Biba.

"Awaki ba sa jira in zauna."

"To, a gaida awakin."

Daga Shetimari, inda yake zaune, zuwa Gagamari ba wata tafiya ba ce, amma ga mai shekara sittin, wanda ƙirjinsa ke kuka kamar tsohuwar ƙofar kwano, tafiya ce. Malamin lakwal ne, wato makarantar boko, inda ake ce wa malami Mushe, shekara talatin da biyar yana shan ƙurar alli, sai dai ba lakwal yake fara zuwa ba. Bayan gari yake bi, ya gangara wani fili mai faɗi inda manoma ke shanya tattasai. Wanda bai taɓa ganin filin nan da sassafe ba, da wuya a kwatanta masa. Ja ne tun daga ƙafarka har inda ido ya gaji, kamar an sauko da faɗuwar rana an shimfiɗa ta a ƙasa ta bushe. A kusurwoyinsa huɗu yara ne zaune, kowa da tsumagiyar korar awaki, kowa ya share ɗan yashin gabansa ya daddale shi da tafin hannu. Shi suke jira.

Wannan shi ne ajin shanya. Ba shi da bango, ba shi da lamba, babu shi a takardar kowane ofis daga Diffa har Yamai. Mutum ɗaya ya riƙe shi shekara takwas, kuma mutumin nan ritaya zai yi a ƙarshen wannan shekarar karatu. Tun ran da aka kawo masa takardar, Biba ta ce ya daina zama wuri ɗaya. Ya tashi, ya zauna, ya leƙa ƙofar gida, ya dawo, ya kwance igiyar allo, ya sake ɗaurewa. Ba barin aiki ke cin ransa ba. Tambaya ɗaya ce ta hana shi sakat: in tattasan baɗi ya nuna, wa zai tura keken?

Ajin nan kuskure ne ya haife shi, kuma Mushe da bakinsa yake faɗa, ba ya jira a tambaye shi.

Yawancin shekarunsa a cikin garin Diffa ya yi su, yana karantar da 'ya'yan ma'aikata da na 'yan kasuwa. An san shi da doka. Littafin kiran suna da jan biro, su ne makamansa. Da fitina ta koro mutanen Damasak da ƙauyukan tsallaken kogi, Gagamari ta cika ta batse, aka kafa rumfunan zana don yaransu, aka turo shi. A shekarun nan an hana cinikin tattasai saboda tsaro, lambuna sun yi shiru, ajinsa kuwa maƙil, yara fiye da sittin. Sai aka ɗage hanin. Kwarin Komadugu ya yi ajiyar zuciya, injinan ban-ruwa suka tashi, tattasai ya yi ja. Watan Janairu na kamawa, Mushe ya shiga aji ya tarar da tabarmi. 'Ya'yan masu lambu suna nan da 'yan takalmansu. 'Ya'yan 'yan gudun hijira babu ko ɗaya.

Ya jira kwana goma sha biyar. Ran na sha shida ya zare jan biro ya bi su ɗaya bayan ɗaya. Suna arba'in da ɗaya ya soke. A ransa cewa yake, an ba su alli, an ba su tuwo, sun zaɓi yawo. Abin da bai sani ba, yaran kan yi karɓa-karɓa da tsakar rana su rugo wajen masu dafa abincin lakwal su ci su koma, kuma masu dafawar da littafinsa suke aiki. Ya soke suna, ya soke tuwo.

Ana cikin darasi wata mata ta tsaya a bakin rumfa, hannuwanta sun rine da ja har wuyan hannu. Ya Kellu ce, mutuniyar Damasak, mai tsinkar tattasai a lambun mutane, wadda mijinta bai tsallako kogin da rai ba. Hausarta ta kasuwa ce mai nauyin Barbarci, amma ranar ba ta nemi tafinta ba.

"Kai ne Mushe mai jan biro?"

"Ni ne. Lafiya dai?"

"'Yata Fatime ta je cin tuwon rana, an ce ka kashe ta."

"Subhanallahi! Suna na soke, baiwar Allah. Ba ta zuwa."

"Ka tambayi inda take?"

Mushe ya ajiye allin da ke hannunsa.

"Ni ina lambu ina tsinka tun asuba," in ji Ya Kellu. "Abin da aka tsinka sai ya yi mako biyu a shanya. In akuya ta taka, in ta yi kashi a ciki, mai lambu ba ya auna min kwanona na ladan tsinka. Wa zai zauna gadi? Ɗan mai lambu? Ga shi nan gabanka. Mu da muka tsallako da zane ɗaya, 'ya'yanmu ne masu zama. Kai kana da biro, mu muna da ciki. Taso ka gani, in takalminka bai fi ƙarfin yashi ba."

Ya bi ta. A filin shanya ya tarar da ajinsa a warwatse, talatin da takwas, kowa da tsumagiya. Uku ba sa nan: Khalilu, da Muhsinu, da wata 'yar ƙarama mai suna Kaka. Iyayensu, da suka ji an yanke tuwon rana, sun ɗaure kaya sun nausa gabas wajen tafki neman wani abin. Har yau Mushe bai sake jin ɗuriyarsu ba.

Yana tsaye nan, kunya ta daskarar da shi, sai wata mata ta ja manjagara tana juya tattasai, ƙurar ta tashi ta same shi a hanci. Ya yi atishawa. Yaran suka ɗauka baki ɗaya da Barbarci: "Tilo!" Ya sake. "Indi!" Ya sake. "Yasku!" Ashe al'adar masu gadin shanya ce. Baƙo in ya zo, ƙirga masa atishawa ake yi, wanda ya gudu kafin ta lafa ba na kwarin ba ne, wanda ya tsaya ya zama ɗan gida. Mushe ya yi tara. Hawaye na zuba, hanci na zuba, yara na birgima a yashi don dariya. Wani malamin da sai ya nemi bulala. Shi sai ya share fuska da hannun riga ya ce, "Wannan da Barbarci kenan. To, da Faransanci fa? Ke mai manjagara, ƙara min!"

Ta ƙara masa. "An! De! Turwa!" Darasin farko na ajin shanya kenan, da hancin malami aka yi shi.

Washegari ya zo da allo tun kafin fitowar rana, ya tara su ƙarƙashin wata bagaruwa. Nan ya yi kuskure na biyu, domin har lokacin tunanin aji mai bango huɗu da ƙofa yake yi. Yara na can suna bin baƙi, awaki suka shiga ta yamma, suka tattake shanyar Alhaji Usmanu, suka bar masa tsaraba. Alhaji Usmanu shi ne mai lambu mafi girma a wannan yankin, Babarbare ne dogo mai murya kamar injin nika, kuma ranar har bakin hanya an ji shi.

"Wane ne ya kwashe min masu gadi? Kai, tattara allonka ka bar min fili kafin in yi abin da za a ji!"

Mushe ya dube shi, ya gyara riga, ya zauna daram a kan yashi.

"Tun yaushe Babarbare ya isa ya kori Ba'are?"

Alhaji ya tsaya cak. Kowa a ƙasar nan ya san wasan da ke tsakanin Arawa da Barebari tun kaka da kakanni. Ba'are ya zagi Babarbare a tsakiyar kasuwa, sai dai a yi dariya, wanda ya yi fushi shi ya ji kunya. Mushe kuwa Ba'are ne, cikin waɗanda bakinsu ya juya Zabarmanci.

"Innalillahi," in ji Alhaji. "Ashe bawan gidanmu ne. Shi ya sa aikin ya zo a karkace."

"Ubangijinka dai. Zauna in koya maka noma."

Mutanen da ke wurin sun riƙe hirar nan, har yau ana maimaita ta a majalisa. Alhaji ya ce, "Mushe, bar wasa. Waɗannan baƙi ne. Gobe hanya ta yi lafiya su haye kogi su koma. Ruwa kake zubawa a lambun wani."

"Irin tattasanka kwana nawa yake yi a reno kafin ka dasa?"

"Arba'in."

"Cikin arba'in ɗin nan, 'ya'ya nawa yake ba ka?"

"Ko ɗaya."

"Amma kana shayar da shi safe da yamma, har inuwa kake yi masa."

"Ai wannan nawa ne."

"Waɗannan ma a ƙasarka suke tsiro, Alhaji. Ka shayar, kar ka shayar, a nan za su girma. Abin da ya rage a hannunka ɗaya ne: tattasai za su zama, ko ƙaya."

Alhaji ya yi tsaki ya ce 'yan boko baki gare su, Ba'are kuma ya fi kowa. Amma bai sake cewa a tashi ba. Sharaɗi ɗaya ya kafa, kada yaro ko ɗaya ya bar wurin gadinsa. Yana tsammanin ya ɗaure Mushe da wannan.

Kwana biyu Mushe yana zagaya filin yana magana shi kaɗai. Ran na uku ya zo da allon ɗaure a bayan keke. Ya raba yaran kusurwa huɗu, kowa a inda yake gadi. Ya tsaya a kusurwar gabas, ya rubuta, ya karanta, suka maimaita, ya bar su suna kwafa a yashi da tsinken tattasai, ya tura keke zuwa ta kudu. Kafin ya zagayo sun gama, ya duba da ƙafa, wanda ya yi daidai ya shafe masa ya ba shi sabo. Yara ba su je wajen allo ba, allo ne ya zo wajensu. Daga fitowar rana zuwa kusan ƙarfe takwas, sannan ya hau keken ya tafi lakwal. Da la'asar ya dawo ya sake. Akuya ba ta ƙara shiga ba. Ya mayar da sunaye talatin da takwas cikin littafi da shuɗin biro, tuwon rana ya dawo, kuma da shanya ta ƙare a watan Maris yaran suka koma rumfa ba tare da an bar su a baya ba.

Kai ne, Mushe, ka zagaya filin nan har ƙafarka ta yi masa hanya, hanyar da yanzu mata masu ɗaukar buhu ke bi ba su san wanda ya fitar da ita ba. Kai ne ka shaƙi ƙurar tattasai shekara takwas, likita a Diffa ya ce ka bari, ka ce masa to, da safe aka gan ka kana bugun famfo. Ba a ƙara maka ko dala a albashi ba. Ba a taɓa kiran sunanka a rediyo ba. Mai allo a bayan keke, Ba'aren da ya gagari Barebari!

Kuma a nan zuciya take tafasa. Shekara nawa ana cewa za su koma? Wanda aka goyo a baya aka tsallako da shi, yau gemu yake nema. Har yanzu a kasuwar Diffa za ka ji mai hankali, mai sallah, yana cewa karantar da ɗan gudun hijira sadaka ce, in an samu a yi, in ba a samu ba Allah ya ba da haƙuri. Sadaka? Wa ke yi wa wa sadaka? Yaron da aka hana alli ba ɓacewa yake yi ba. Yana nan cikinmu shekara hamsin masu zuwa. Ko dai ya zama mai karanta abin da aka rubuta a jikin kwalbar maganin ƙwari kafin a fesa, mai gane saƙon farashi daga Damagaram kafin dillali ya buɗe baki, mai yi wa matarka allura a asibitin ƙauye, ko kuwa ya zama mai tsayawa a layin buhun taimako har tsufa, in ma wani daga daji bai riga mu kiransa ba. Masana sun cika littattafai da wannan zance. Manomin tattasai bai buƙaci littafi ba, ya san kwarin da aka hana ruwa ba ya zama fili kawai, gishiri yake fitarwa ya ci na kusa da shi.

Alhaji Usmanu dai ba da zance ya yarda ba. Inji ne ya karantar da shi.

Shekara biyu da suka wuce, tattasai na tsakiyar fure, babban injinsa ya ƙi jan ruwa. Yana tashi, yana kuka, tiyo a bushe. Furen tattasai kuwa ba ya haƙuri, kwana biyu ba ruwa sai ya zube, in ya zube shekara ta zube. Aka kira makaniki a Diffa, ya ce akwai mutum shida gaban Alhaji, sai bayan kwana uku. Alhaji ya tsaya a bakin rijiya yana kallon ganye na sunkuyawa, ya cire hula ya mayar, ya cire ya mayar.

Sai ga Mushe yana turo keke, wata budurwa na biye da shi da akwatin ƙarfe a ka.

"Babarbare, na kawo maka makaniki."

Alhaji ya ƙanƙance ido. "Wannan ba 'yar Kellu ba ce, mai korar min awaki?"

"Ita ce. Fatime. Kusurwar yamma."

Fatime ta ci jarrabawar gama firamare daga yashin nan, ta yi shekara biyu a wata cibiyar koyon sana'a a Diffa, ta dawo da takarda da akwatin kayan aiki. Wata huɗu tana zaune, babu wanda ya ba ta ko fitila ta gyara. Mace ce, kuma baƙuwa.

"Ba'are, yau ba ranar wasa ba ce," in ji Alhaji.

"Baba Alhaji," in ji Fatime, "in na ɓata, ai dama a ɓace yake."

Ba ta ko taɓa injin ba. Ta saurari kukansa, ta sa aka jawo tiyon daga cikin rijiya, ta kwance bakinsa, ta fito da wata 'yar roba da ta tsage. Ta ce injin lafiyarsa lau, iska yake sha ta nan maimakon ruwa. Sai dai sabuwar robar sai Diffa. Ta waiga hagu, ta waiga dama, idonta ya sauka a kan keken Mushe.

"A'a," in ji Mushe. "Ke, Fatime, a'a. Jiya na saye ta."

Da hannunsa ya kwance tayar baya ya zaro sabuwar robar ciki ya miƙa mata. Ta ɗora tsohuwar a kai, ta zana, ta yanka da reza, ta ɗaure, ta cika tiyo da ruwa, ta ce a ja. Injin ya yi tari sau biyu, tiyon ya kumbura, ruwa ya yi tsalle ya faɗa kwari. Waɗanda ke wurin sun ce Alhaji ya bi ruwan nan da ƙafa har ƙarshen lambu kamar mai rakiyar amarya. Mushe kuwa ya tura kekensa a ƙasa har Shetimari, ya mayar da tsohuwar roba mai faci bakwai. Ita ce yake faɗa da ita kowace safiya. Alhaji ya aika masa da sabuwa har sau biyu, ya mayar, wai ba ya karɓar kyautar bawa.

Yau lambu fiye da ashirin ke kiran Fatime. Ya Kellu ta daina tsinka, tana sayar da ƙosai a bakin hanya, kuma in ta ga Mushe sai ta ɗaga murya, "Mai jan biro, zo ka ci, ba a soke sunanka ba!"

To, ga takardar ritaya ta zo. Mushe ya je wajen mai duba makarantu a Diffa, mutumin kirki, ya saurare shi har ƙarshe, ya ce ba shi da ikon tura malami fili. Amma in wadda za ta gaje shi ta yarda don kanta, in gari kuma ya tsaya mata, shi ba zai hana ba. Wadda za ta gaje shi ita ce Malama Nabila, 'yar Damagaram, shekararta ta biyu a aiki, mai tsabta da farin mayafi. Da Mushe ya yi mata bayani ta saurara cikin ladabi, ta ce, "Baba, ni aji aka turo ni. Ban karanta koyarwa a kan keke ba."

Bai ga laifinta ba. Shi ma da haka ya zo. Amma daga ranar abinci ya daina shiga masa. Biba ta ce har rigarsa ta fara yi masa yawa.

Watan jiya aka taru a ƙofar Bulama, mai garin, don maganar. Aka yi ta kewaye-kewaye, wannan ya ce a rubuta wa ƙungiyoyin agaji, wancan ya ce a jira gwamnati. Sai Alhaji Usmanu ya yi gyaran murya.

"Ni zan kafa rumfa huɗu, kowace kusurwa ɗaya, don malama ta sami inuwa. Kuma duk uwar da ɗanta ke karatu a shanyata, kwanonta cikakke ne. Kar ku dube ni haka, ba waliyyi na zama ba. Inji uku gare ni, ga na hasken rana ina shirin sawa, makaniki kuwa ɗaya ce duk kwarin nan. In wani ɗan Maine ya aure ta ya tafi da ita fa? In koma jiran Diffa? Ina son biyar irinta. Ina son wanda zai karanta min takardar taki ba sai na nemi wannan Ba'aren ba."

"Shekara takwas," in ji Mushe, "kafin karatu ya shiga kan Babarbare. Akuya ta fi ka saurin ganewa."

Aka yi dariya, aka shafa fatiha. Amma rumfa ba ta koyarwa. Malama Nabila na zaune cikin mata tana saurare. Da aka watse Mushe bai roƙe ta ba. Ya ciro wata tsohuwar takarda daga aljihu, ta yi laushi don ninki, ya miƙa mata. Shafin nan ne na littafin kiran suna. Jan layi arba'in da ɗaya. Ya nuna mata uku da yatsa, ya gaya mata ko su wane ne, ya karɓi abarsa ya tafi.

Mako ya wuce, ba ta zo ba. Na biyu ya wuce. Tsinkar ƙarshe ta shigo shanya, kwanakin aji suna ƙarewa. Mushe na tura keke yana waigen hanya, har ya rubuta wa 'yan kusurwar arewa darasin 'yan kudu.

Ran Litinin da ta wuce, rana ta ɗan ɗaga, sai ga farin mayafi yana gangarowa daga bayan gari. Ta tsaya a bakin filin tana kallon jan nan da ba shi da iyaka. Yaran suka dubi juna. Wata tsohuwa mai manjagara, ba wanda ya sa ta, ta ja tattasai da ƙarfi ta bangaren iska.

Malama Nabila ta yi atishawa.

"An!" in ji kusurwa huɗu baki ɗaya.

Ta sake. "De!" Ta sake. "Turwa!" Mushe ya riƙe kan kekensa da hannu biyu, bai san yana ƙirgawa tare da su ba. A ta shida ta ja da baya taku ɗaya, zuciyarsa ta faɗi. A ta tara ta dafa gwiwa. Ta yi goma sha ɗaya, ta zarce malaminsu da biyu, yara na ihu suna buga tsumagiya a ƙasa. Ta ɗago, ido ja kamar abin da ke shanye, farin mayafi ya tashi daga fari. Ta share fuska, ta tako har inda yake.

"Baba, ta wace kusurwa ake farawa?"

Mushe ya saki kan keken, ya tura mata.

"Gabas, 'yata. Kuma tayar baya sai da lallashi."

Mushe Sumana, mun gode. Kwarin Komadugu ya gode, har waɗanda ba su san sun ci moriyarka ba, masu shan miya da tattasan da bai zube ba. Ka yi kuskure da jan biro, ka shekara takwas kana gyara shi da ƙafarka, alhali da yawanmu ko waiwayar namu ba ma yi. Allah ya ba ƙirjinka lafiya, ya sa ka zauna ka sha kunun Biba da zafinsa, ko sau ɗaya.

Mu kuma da muka rage, kowa ya dubi bayan garinsu. Akwai shanya a can, ko ba ta tattasai ba: bakin rijiyar makiyaya, wajen banda kifi, gindin injin nika. Akwai yaran da ake cewa ba namu ba ne, suna girma a ƙasarmu. Mai lambu ya yi abin da Alhaji ya yi, ko don kansa. Mai alli ya ɗauki allonsa ya bi su. Kafin ka soke suna, tashi ka tambayi inda mai shi yake.

Saƙo ɗaya Mushe ya roƙa a isar, ga shi. Duk wanda ke bin hanyar gabas, ta Bosso ko ta Gigimi, in ya haɗu da wani Khalilu, ko Muhsinu, ko wata Kaka, waɗanda suka taɓa zama Gagamari suna yara, yanzu sun zama samari da budurwa, ya gaya musu malaminsu ya sake rubuta sunansu da shuɗin biro. Kowace safiya yana kira. Har yanzu ba a amsa ba.